Daga Zariya zuwa Kano a kan keke: iska nawa za a ba taya, kuma wane tiyub za a saka?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru. Na sayi keke ɗan Kwatano mai giya, a jikin tayarsa an rubuta 700x35C, bawul ɗinsa kuma siriri ne, ba irin na mota ba. Ina so idan an yi hutu in hau shi zuwa Kano, in Allah ya yarda in zarce Daura, da kayana a kariya. Da na yi gwaji zuwa Giwa sai tayar baya ta yi mini faci a tafiya, ta sake yi a dawowa. Mai facin da ya gyara mini ya ce in riƙa ba ta iska har sai ta yi tauri ƙam. Wani abokina kuma ya ce tiyub ɗin ne ba shi da kauri, in nemi mai kauri. Wanne zan bi? Kuma iska nawa ya dace?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya kai ka lafiya. Abin da kake son sani shi ne ko iska ce ta jawo maka faci sau biyu a rana guda ko tiyub, da kuma yadda za ka shirya ƙafafun keken nan su ɗauke ka da kayanka tafiyar da ta haura kilomita 150 tun kafin ma a yi maganar Daura. Mai faci da abokinka kowanne ya kamo wani gefe na gaskiya, amma da za ka bi ɗayansu ido rufe, ina jin za ka sake zama a bakin titi kafin Tashar Yari. A sana'armu ta gyaran keke, idan mutum ya zo da faci biyu a ƙafa ɗaya a wuni ɗaya, ba ma fara zargin tiyub. Tsohon tiyub ɗin muke cewa a miƙo mana mu duba.

Hujin da ke jikin tiyub shi zai gaya maka laifin wa

In tiyub ɗin da ya yi maka faci yana nan, ciro shi ka ba shi iska kaɗan, ka duba inda aka liƙa facin guda biyu. In suna ta bayan tiyub, wato gefen da ke kallon titi, to wani abu ne ya huda taya ya shigo. In kuma facin na biyu yana daidai wurin na farko ko dab da shi, abin da ya huda yana nan maƙale a cikin taya, an yi faci an mayar da tiyub a kansa. Wannan shi ya fi yawa a cikin abin da ake kawo mini. A hanyoyinmu abu biyu ne ke yin wannan aikin. Na farko ƙaya, musamman tsidau da ke yaɗo a gefen hanya, wanda 'ya'yansa in sun bushe da kaka ko ta ina suka faɗi akwai tsini a sama, sai ƙayar aduwa da ta bagaruwa in ka sauka daga kwalta don neman inuwa. Na biyu, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, 'yan siraran wayoyin ƙarfe ne da ke fita daga tayoyin tirela da suka fashe. Gefen babban titin Kano, inda mai keke ke bi, nan suke taruwa. Wayar ba ta fi gashin buroshi kauri ba, ido ba ya ganinta, yatsa ma sai ya wuce ta in ba a yi sa'a ba. Yadda nake nemo ta shi ne in ɗauki 'yar auduga in shafa cikin taya a hankali zagaye guda. Duk inda auduga ta maƙale ta bar zare, nan take. Sai in lanƙwasa tayar ta waje, hujin ya buɗe, in zare ta da hantsaki.

In hujin yana ta cikin tiyub, gefen da ke kwance a kan rim, titi ba shi da laifi. Robar da ke rufe kawunan wayoyin rim ce ta goce ko ta tsufa ta tsage, ko kuma wata waya ta yi tsawo tana tsikarin tiyub. Kekunan Kwatano da yawa suna zuwa da wannan robar ta bushe tana ɓarɓashi, kuma ko tiyub na nawa ka saka a kanta sai ya huje.

In kuwa ka ga 'yan tsagu biyu gefe da gefe kamar saran maciji, a nan mai facinka ya yi gaskiya: iska ce ta yi kaɗan. Ka faɗa rami ko ka hau gefen kwalta, taya ta lotsa har ƙasa, bakin rim ya datse tiyub ta ɓangare biyu. Haka ma in yagewar a gindin bawul take, yawanci ƙarancin iska ne, domin taya mai laushi tana zamewa a kan rim duk lokacin da ka taka birki, ta ja tiyub, bawul ya karkace har ya tsage. Wanda ya fashe da ƙara ya yi doguwar yaga kuma, ko dai an datse tiyub ƙarƙashin bakin taya wajen sakawa, ko gefen tayar ya riga ya mutu.

Saboda haka nake sa yarana a shago su riƙa daidaita rubutun jikin taya da bawul duk sanda suka haɗa ƙafa. Gobe in an yi faci, sai ka ɗora tiyub a kan taya, bawul a kan rubutu, ka san takamaimai inda za ka nemi ƙayar.

Maganar iska

Iska ce ke ɗaukar nauyinka, taya da tiyub riƙe ta kawai suke yi. Tun da John Dunlop ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a 1887, amfaninta shi ne ta ɗan lotsa ta shanye gargadar hanya. In ka buga mata iska ta yi ƙam, ka kashe wannan amfanin. A kan kwalta mai santsi za ka ji kamar keken ya ƙara gudu, amma da ka shiga inda titi ya farfashe ko hanyar burji, sai keken ya riƙa tsalle, hannuwanka su yi tsami, kayan kariya su yi ta jijjiga, wayoyin ƙafar baya su fara saki. Tafiyar awa ɗaya ba za ka damu ba. Tafiyar wuni guda kuwa, jikinka zai gaya maka. In kuma ta yi laushi da yawa, ga datsewar tiyub, ga nauyin feda, ga gefen taya da ke tsagewa da wuri.

Duba gefen tayarka, za ka ga lamba da PSI ko bar a gabanta, wato ma'aunan ƙarfin iskar taya. Bar ɗaya PSI 14.5 ne, wato bar 4 ya kusa PSI 60. Babbar lambar da aka rubuta iyaka ce da ba a so a wuce, ba umarni ba ne cewa sai ka kai can. Abin da ke yanke yawan iskar da ta dace abu uku ne: faɗin taya, nauyin da ke kanta, da irin hanyar. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Frank Berto ya yi awon tayoyi masu faɗi daban-daban a ƙarƙashin nauyi daban-daban, kuma ƙa'idar da aka san shi da ita ita ce taya ta lotsa da kusan kashi 15 cikin 100 na tsayinta idan an hau. A tayarka mai faɗin milimita 35, wannan kusan milimita 5 ke nan. Ka ɗaura kayanka, ka hau, ka dafa bango, wani ya tsuguna ya duba: ya kamata ya ga tayar ta ɗan yi ciki kaɗan a inda ta taɓa ƙasa, ba ta tsaya ƙyam ba, ba ta kuma baje ba.

Ga lissafin da nake fara wa mutum da shi. In kai da keke da kaya kun tasam ma kilo 100, tayar baya za ta ɗauki wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin, har fiye in duk kayan a kariya suke. Don haka ba a ba ƙafafun biyu iska ɗaya. A taya mai faɗin 35, sai in ce ka sa PSI 60 zuwa 65 a baya, 45 zuwa 50 a gaba. Mai keken da tayarsa ke da faɗin inci 2, irin 26x2.0, ya nemi 40 zuwa 45 a baya, 30 zuwa 35 a gaba. Waɗannan mafari ne. In ka ji rim yana dukan ƙasa a rami, ƙara biyar. In za ka daɗe a kan burji ko yashi, rage biyar, ka kuma riƙa ɗaga jikinka daga sirdi in ka hango rami.

Dole ka mallaki geji, wato abin auna iskar taya. Na san kowa da babban yatsa yake gwada taya, ni ma haka na taso na ga ana yi, amma yatsa yana gane bambancin taya maras iska da mai iska ne kawai. Da ta wuce 40, duk tauri ɗaya za ka ji, alhali tsakanin 40 da 60 ne maganar datsewar tiyub take ga mai kaya. Famfo mai geji a jiki ya fi, in babu ka sayi ƙaramin geji daban wanda ke kaiwa 100, domin wasu na mota a 50 ko 60 suke tsayawa.

Sai zafi. Iska tana kumbura in ta ɗumama. In ka ba taya PSI 60 da asubar hunturu, sanyi na wajen digiri 15, zuwa azahar kwalta ta gasa ta ta kai digiri 40, za ta ƙaru da kusan PSI 6. Ga wanda ya tsaya a 60 a tayar da iyakarta ta fi haka, wannan ba komai ba ne, kada ma ka tsaya sace iska da rana. Wanda abin ke ci shi ne wanda ya cika tsohuwar taya har iyaka da safe, ya jingine keken a rana a bakin masallaci, ya fito ya tarar ta fashe ba wanda ya taɓa ta. Ka auna da safe kafin ka tashi, kowace rana ta tafiyar, ka kuma nema wa keken inuwa in ka tsaya.

Ka yi hattara da injin mai faci. An yi shi ne don tayar mota da ta babur, tayar keke kuwa cikinta kaɗan ne, cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ta cika ta wuce. In dole ta sa, ka ce ya riƙa ba ta kaɗan-kaɗan kana aunawa.

Wane tiyub

Fara da girma. Lambar da ba ta ruɗi ita ce wadda aka rubuta kamar 35-622 ko 37-622 a gefen taya: ta farko faɗin taya ne, ta biyu faɗin da'irar rim, duka a milimita. Taka 622 ce. Abin da zai iya rikita ka a kasuwa shi ne, 700C ɗin nan wasu kamfanoni inci 28 suke rubuta mata, alhali 28 da masu kayan keke a Sabon Gari da Tudun Wada suka fi sani ita ce ta manyan kekunan iyayenmu irin su Raleigh da Phoenix, 28x1½, wadda rim ɗinta 635 ne. Tiyub yana miƙewa, har akwai waɗanda aka yi su don su shiga 622 da 635 duka, amma taya ba ta yi: ta 635 ba za ta taɓa zama a rim ɗinka ba. Haka 26 ta keken hawan dutse 559 ce. Ka riƙe wannan domin yana da nasaba da tafiyarka. A ƙananan garuruwan kan hanya, 28 ta babban keke da 26 su suka fi samuwa, taka kuwa sai an dace. Duk abin da ƙafarka ke bukata, daga Zariya za ka tafi da shi.

A jikin kwalin tiyub za ka ga tazara, misali 700x28-38. Ka tabbata 35 ta faɗa ciki. Tiyub da ya yi wa taya ƙanƙanta zai miƙe ya yi siriri, ya riƙa sacewa da wuri, faci ma ba ya daɗewa a jikinsa. Wanda ya yi yawa kuma zai naɗe a ciki, wurin naɗin ya goge ya huje.

Game da irin robar, baƙin tiyub na yau da kullum, wanda ake yi da robar butil, shi ne na matafiyi. Yana riƙe iska kwanaki, yana jure zafi, sholisho da faci na ko'ina suna kama shi. Akwai na robar latex da 'yan tsere ke so saboda laushinsa, amma kullum sai an ƙara masa iska. Akwai kuma sabon yayi na TPU, mai kama da leda, maras nauyi, wanda sholishon da muka sani ba ya kama shi, sai facinsa na musamman. Duka biyun ba na hanyar Daura ba ne. Ko a butil ɗin ma ka guji wanda aka rubuta masa cewa maras nauyi ne na tsere. Na tsaka-tsaki, mai kaurin kusan milimita ɗaya, shi nake sa wa mutane.

To, mai kaurin da abokinka ke magana fa? Akwai shi, wani kaurinsa ta gefen titi ya ninka na yau da kullum sau uku ko fiye. Yana taimakawa a kan gajeriyar ƙaya irin tsidau, wannan gaskiya ne. Amma ba ya hana wayar tirela, tunda ita tana ci gaba da nutsewa ne da kowane juyi har ta isa. Ba ya gyara robar rim da ta mutu. Yana da nauyi, nauyin kuma a bakin ƙafa yake inda ake jin sa a kowane tashi, ga cin wuri a jaka. Ni a ganina kuɗin ya fi amfani a kan taya. Taya mai shimfiɗar kariya a ƙarƙashin tafinta, irin su Schwalbe Marathon da ake samu jefi-jefi a cikin kayan gwanjo, ta fi kowane tiyub hana faci. In kuɗinka na guda ɗaya ne, sa ta a baya. Dabarar da wasu ke yi ta yanka tsohon tiyub a shimfiɗa a cikin taya tana ɗan rage ƙaya, ban hana ba, sai dai a gyara bakin yankan ya yi sumul, in ba haka ba shi da kansa zai goge sabon tiyub ɗin.

Ruwan da ake ɗurawa a tiyub don ya toshe huji da kansa yana aiki a kan hujin ƙaya, ba ya yi a kan tsaga, kuma ranar da za a yi faci sai an sha wahalar goge shi kafin sholisho ya kama. Taya maras tiyub kuwa sai rim da tayar da aka yi don haka, ruwanta kuma yana bushewa da sauri a zafinmu. Bar wannan tukuna.

Bawul

A nan ne nake ganin tafiyarka za ta iya tsayawa cak a kan abin da bai kai ya kawo ba. Bawul iri uku ne. Akwai irin na mota da babur, Schrader, wanda ke bukatar hujin rim na milimita 8.5. Akwai siririn nan naka, Presta, mai hujin milimita 6.5, wanda sai ka warware ɗan kansa kafin iska ta shiga. Akwai kuma Dunlop na manyan kekuna, mai 'yar roba a ciki, wadda zafi ke cinyewa taya ta yi ta sacewa ba huji, kuma geji ba ya karanta shi yadda ya kamata.

Presta ba shi da aibu a aiki. Matsalarsa ita ce daga Kwangila har Kura, bakin injin kowane mai faci na Schrader ne. Mafita mai sauƙi ita ce ɗan ƙaramin adafta na tagulla da ake ɗaurawa a kan Presta ya koma irin na mota. Sayi biyu, ɗaya ya zauna a kan bawul, ɗaya a jaka, don ɓacewarsa ba wuya. Ɗaya mafitar ita ce a buɗa hujin rim zuwa 8.5 ka koma Schrader gaba ɗaya. Ina yi wa mutane haka in rim ɗin mai faɗi ne, a goge bakin hujin sosai kada ya yanki gindin bawul. In siririn rim ne ba na yi, saboda ƙarfen da zai rage a gefe da gefe ya yi kaɗan. Wannan hukuncin sai an ga rim ɗin da ido, ba zan yanke maka shi daga nan ba. Ka kuma duba tsawon bawul: rim mai zurfi yana son milimita 48 ko 60, na 40 ba zai leƙo yadda famfo zai kama ba.

Abin da za ka ɗauka, da yadda za ka saka

Tiyub biyu sababbi, famfon hannu da ka riga ka gwada a gida ka ga yana kai 60, geji, liba biyu ta roba ta ɓanɓare taya daga rim, faci da sholisho wanda ba a taɓa buɗewa ba, 'yar takardar yashi, auduga da hantsaki, da ɗan yankin tsohuwar taya da za ka toshe ta ciki in taya ta tsage. Wajen sayen tiyub, buɗe kwalin ka ja robar a wurin naɗi. In ka ga 'yan tsage-tsage, ya daɗe a shago zafi ya ci shi, ajiye musu. Na ajiyar ka barbaɗa musu hoda ka ƙulle a leda, nesa da sifana da man keke.

In faci ya same ka a hanya, sauya tiyub ka wuce, ka yi facin da yamma a masauki cikin natsuwa. Yawancin facin da ke ɓallewa gaggawa ce ta jawo. A kankare wurin ya fi facin faɗi, a shafa sholisho siriri, a bar shi kamar minti biyar har ƙyallinsa ya dushe ya daina kama yatsa, sannan a ɗora faci a danne da ƙarfi daga tsakiya zuwa gefe. Facin wuta da ake yi wa tiyub ɗin babur ba na son sa a siririn tiyub na keke, yakan ƙona robar kewayen.

Wajen mayarwa, ba tiyub iska kaɗan ya ɗauki siffarsa kafin ka cusa shi. Ƙarasa bakin taya da tafin hannu, kada ka sa sukudireba, shi ke tsinke sabon tiyub tun bai ga titi ba. Tura bawul ciki sau ɗaya don gindinsa ya zauna a saman bakin taya, ka matsa tayar zagaye guda kana leƙawa ko tiyub ya leƙo. Ba ta rabin iska, juya ƙafar ka ga siririn layin da ke gefen taya ya fito daidai ko'ina a bakin rim, sannan ka cika.

Ban ga keken ba, ban kuma san nauyinka ba, don haka lambobin da na ba ka na iya bukatar gyara da biyar sama ko ƙasa. Kafin ranar tafiya, ka sauya robar rim ta ƙafa biyun ko da ta yi maka kama da mai lafiya, ka ɗaura ainihin kayan da za ka tafi da su, ka sake yin Giwa ka dawo da 60 a baya da 45 a gaba. Washegari da safe ka auna. In ƙafa ɗaya ta sauke fiye da PSI 5 a dare guda, akwai ƙaramin huji ko bawul mai yoyo, a nemo shi a kwanon ruwa tun kana Samaru.